Yadda Ake Kashe Raɗaɗin Attarugu a Hannu

Ranar sunan 'yar yayata aka ajiye mini roba guda cike da attarugu, aka ce in cire hanci, in wanke, in jajjaga rabi, sauran a kai markaɗe. Lokacin hunturu ne, hannuna duk ya yi kaushi, gefen farata ya tsattsage. Ina aikin ina hira, ban ji komai ba. Da na gama na ɗauraye hannu da ruwan buta, na goge a bakin zanina, na koma bakin murhu juya miya. Ko minti ashirin ba a yi ba yatsuna suka ɗauki zafi kamar na dafa garwashi. Kuskuren da ya fi ba ni haushi har yau shi ne, ana kiran la'asar na tashi na yi alwala da hannun nan. Fuska, hanci, gefen ido, ko'ina ya ɗauka. Na idar da salla hawaye na zuba, gwaggona tana dariya tana cewa a miƙo mini man gyaɗa. A raina na ce ana maganar zafi ita tana maganar mai. Ashe ita ce da gaskiya, kuma abin da ta sani a aikace shi masana suka tabbatar a ɗakin bincike.

Me ya sa ruwa ba ya yi

Abin da ke sa yaji a attarugu da barkono da shambo wani sinadari ne da ake kira kafsaisin. Ɗabi'arsa ta mai ce: yana narkewa cikin mai da maiƙo da sifirit, amma ba ya shiri da ruwa. Ki tuna yadda manja ke yi a hannu. In kin zuba masa ruwa zalla, sai dai ya ƙara bazuwa. Haka kafsaisin yake, sai dai shi ba a ganinsa.

Ba kuma ƙona fatar yake yi irin ta wuta ba. A jikin jijiyoyin fata akwai wata 'yar ƙofa da masana suka raɗa wa suna TRPV1, aikinta shi ne ta sanar da ƙwaƙwalwa in zafi ya kai wajen digiri 43 a ma'aunin Salshiyos, wato inda ya fara zama haɗari. Kafsaisin yana zuwa ya buɗe ƙofar nan ba tare da wani zafi na gaske ba, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka hannu na cikin wuta. David Julius, wani masani a Amurka, shi da abokan aikinsa suka gano wannan a 1997, kuma da barkono suka yi binciken. A 2021 aka ba shi kyautar Nobel ta fannin likitanci tare da Ardem Patapoutian. Amfanin sanin wannan gare mu 'yan kicin shi ne: muddin kafsaisin na zaune a fata, ɗumi kaɗan ma ya isa ya tayar da raɗaɗin. Shi ya sa hannun ke yin shiru, da kin matsa kusa da tukunya ko kin sa shi a ruwan wanka mai ɗumi ya dawo sabo fil.

Attarugu kuwa ba abin wasa ba ne. A ma'aunin yaji da Wilbur Scoville ya ƙirƙira a 1912, ƙaton koren tattasan nan na salak yana kan sifili, amma dangin attarugu suna kaiwa tsakanin 100,000 zuwa 350,000. Yawancin yajin kuma ba a 'ya'yan yake ba, kamar yadda muke ɗauka. Yana jikin farin naman nan na ciki da 'ya'yan ke maƙale a kai. Wato daidai wurin da muke sa ɗan yatsa mu ƙwaƙule.

Kafin komai, tsayar da hannun

Da zarar kin ji alamar zafi, ko ma ba ki ji ba amma kin san kin yi aikin attarugu da hannu tsirara, ki ɗauki hannun nan a matsayin mai datti har sai kin bi matakan da ke tafe. Kar ki sosa ido. Kar ki gyara kwalli. Kar ki ɗauki jariri, kar ki ba shi mama, kar ki canza masa kunzugu. Kar ki shiga bayi yin tsarki, wannan kam duk wadda ta taɓa yi ba sai an gaya mata sau biyu ba. In lokacin salla ya yi, wanke hannun irin wanda zan bayyana ya riga alwala.

Ki cire zobe da awarwaro, domin ruwan attarugu yana laɓewa ƙarƙashinsu. Ki ja baya daga murhu. In akwai wata a kusa, ki bar mata juya tukunyar.

Mataki na farko: mai

Ki zuba man gyaɗa kamar cokali ɗaya ko biyu a tafin hannu. Duk man girki da ke kusa zai yi, har manja, illa dai zai ɓata miki hannu da launi. Man shanu da man kaɗanya ma suna yi. Hannun ya kasance a bushe, kar ki jiƙa shi tukuna, domin ruwa yana shiga tsakanin man da fata.

Ki murza a hankali, minti biyu zuwa uku. Ba a gaggawa a nan, kuma ba a dirza da ƙarfi. Ki bi tsakanin yatsu, bayan hannu, gefen farce, da ƙarƙashin farce musamman. Nan ne ma'ajiyar yaji. Mace za ta wanke hannu tas, da daddare ta sosa gefen ido da farce, ta rasa daga ina masifar ta fito. In kina da tsohon buroshin goge baki da aka daina amfani da shi, ki tsoma a man ki bi ƙarƙashin faratan da shi. Wasu suna ƙara ɗan sukari a cikin man don ya taimaka wajen kankare fatar. Yana da amfani in hannun lafiyarsa lau, amma in ya tsattsage ki bar sukarin.

Abin da ke faruwa a nan shi ne kafsaisin yana barin fata yana komawa cikin man. Saboda haka man da ke hannunki yanzu ya zama yaji. Ki goge shi da takardar goge hannu ko wani tsumman da za ki jefar ko ki ware don wanki. Kar ki goge a zaninki ko mayafi. Na sha ganin uwa ta goge hannun barkono a haɓar zani, an jima kaɗan ta ɗauki haɓar nan ta share wa yaro majina, yaro ya ɓare baki yana ihu, gida ya rikice ana neman kunama.

Mataki na biyu: sabulun wanke-wanke

Yanzu sai a fitar da man. Sabulun ruwa na wanke kwanuka ya fi dacewa, domin an yi shi ne don yanke maiƙo. In babu, sabulun wanki na sanda zai yi. Sabulun wanka mai ƙamshi da laushi shi ne na ƙarshe a wurina, ba ya cire mai sosai. Garin omo yana cirewa, amma yana cin fata, kuma hannun da ke raɗaɗi ba ya bukatar ƙarin wahala.

Ki fara shafa sabulun kai tsaye a kan hannun mai maiƙo, ki murza har ya haɗe da man, sannan ki kawo ruwa. Ruwan ya zama mai sanyi ko na randa, ba mai zafi ba. Ki bar ruwan ya zuba ƙasa, wato wani ya zuba miki da buta ko ki tara a famfo. In kika tsoma hannu a roba kika wanke a ciki, cikin ruwan yajin kike wanka.

Ki maimaita mai da sabulu sau biyu ko uku. Zagaye ɗaya yakan isa in attarugu uku ko huɗu kika yanka. Aikin biki kuwa, sai an yi haƙuri an sake.

In kina da sanitaiza ta wanke hannu mai sifirit, irin wadda ta cika gidaje lokacin korona, ko sifirit ɗin kemis, za ki iya shafawa tsakanin zagaye na farko da na biyu, domin shi ma yana narkar da kafsaisin. Sharaɗi biyu ne: kar ki sa a fatar da ta fashe, kuma ki yi nesa da wuta har ya bushe, don yana kamawa.

Mataki na uku: nono

Wanki yana cire abin da ke saman fata ne. Wanda ya riga ya shige ya taɓa jijiya, sai lallashi. Nan ne nono ke shigowa.

A madarar dabba akwai wani furotin mai suna kesin, wanda ke kama kafsaisin ya janye shi, kusan yadda sabulu ke kama maiƙo. Shi ya sa in yaji ya kama bakin mutum kurɓar nono ta fi kofi uku na ruwa. Kindirmo ya fi, domin ba a cire masa mai ba, ga kesin ga maiƙo, ga kauri da ke sa ya zauna a fata. Nonon da aka kaɗe aka cire man shanu shi ma yana yi. Yogot na shago yana yi. In duk babu, ki dama madarar gari mai kauri da ruwan sanyi, ko ki fasa ta gwangwani. Amma madarar waken suya da kunun aya, duk da fari da suke da shi, ba su da kesin. Sanyinsu kawai za ki mora.

Ki zuba a kwano mai ɗan zurfi yadda yatsu za su nutse, ki sa hannun ki zauna. Minti goma sha biyar zuwa ashirin. In nonon ya ɗumama ki sake wani mai sanyi. Za ki ji sauƙi nan take, amma kar ki yi saurin cirewa, domin sau da yawa sanyin ne ya fara yaudarar ki, da kin fitar da hannu iska ta buga zafin ya dawo. In nonon kaɗan ne, ki shafa kindirmon da kauri kamar lalle, ki bar shi, in ya fara bushewa ki wanke ki sake. Abin da ya rage a kwanon a zubar. Kar wani yaro ya gani ya dama fura da shi.

In gidan babu nono ko kaɗan, ki koma kan mai, amma wannan karon jiƙawa za ki yi. Ki zuba mai mai tsabta a kwano ki nutsa yatsun na tsawon lokaci, ko da awa guda ne. A jihar New Mexico ta Amurka, inda ake ɓare koren barkono da hannu buhu-buhu in kakarsa ta zo, an yi wani gwaji da aka wallafa a 1987, aka kwatanta tsoma hannu a ruwan famfo mai sanyi da tsoma shi a man girki. Ruwan ya fi saurin kawo sauƙi da farko, man kuma ya fi shi daɗewar amfani. Da na karanta wannan sai na tuna gwaggona da kwalbar man gyaɗarta.

Akwai kuma farin maganin olsa na ruwa, mai kauri, irin mai sinadarin magnesiyam da alminiyam. Ana shafa shi a fatar da barkono ya kama, a bar shi ya ɗan bushe, a wanke. In yana cikin gida ki gwada, amma ba sai kin aiki yaro kemis dominsa ba.

In dare ya yi bai daina ba

Raɗaɗin attarugu yakan ɗauki sa'o'i, wani lokaci ya kwana, musamman a hannun da ya yi kaushi ko mai ƙyasbi da ƙaiƙayi. Yana zuwa yana tafiya, kuma ya fi damun mutum in ya kwanta, don babu abin da ke ɗauke masa hankali. Ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi ki naɗe hannun. In za ki sa ƙanƙara, ki naɗe ta a ƙyalle tukuna, kar ta taɓa fata kai tsaye, kuma kar ta wuce minti goma a jere. Ki bar hannun a waje, kar ki cusa shi cikin bargo. Wanka da ruwan zafi a daren nan zai tayar miki da shi, to ki rage zafin ruwan. Farasitamol yana ɗan taimakawa in ya hana barci. Kafin ki kwanta ki shafa man kaɗanya ko basilin, domin wanki uku da sabulun kwanuka ya busar da fatar.

Abubuwan da ake cewa a yi, waɗanda ban yarda da su ba

Kowane gida da nasa maganin. Wasu ba sa cutarwa, ba sa kuma yin wani abin kirki. Wasu kuwa haɗari ne.

Na ji masu cewa a kara hannun a wuta, wai zafi ke kashe zafi. Daga bayanin da ya gabata kin san ƙarin azaba ce kawai, ga kuma yiwuwar ki ƙone da gaske ba ki sani ba, tunda hannun ya riga ya rikice wajen gane zafi. Kalanzir da fetur suna narkar da yajin, gaskiya ne, amma suna cin fata, kuma mace mai hannun kalanzir a kicin mai risho ko gas tana wasa da ranta. Ruwan bilic na wanki, ko an sirka shi, ba abin sa wa fatar da ke raɗaɗi ba ne. Toka da kanwa suna da kaifi, suna iya mayar da raɗaɗin da zai wuce da kansa ya zama ciwon gaske. Man goge baki yana ba da sanyin ƙarya na minti biyu. Gishiri da lemon tsami kuwa, in akwai tsaga ko ɗaya a hannun, za ki gane kurenki.

Abu ɗaya kuma da nake so a bambance da kyau: duk wannan maganar mai da nono ta raɗaɗin barkono ce kaɗai. In man suya ne ya fallatsar miki, ko ruwan zafi, ko kika dafa tukunya, wannan ƙuna ce ta gaske, kuma ba a sa mata mai ko manja ko ƙwai. Ruwa mai sanyi ake zuba mata na kimanin minti ashirin, in ta yi girma ko ta tashi sosai a tafi asibiti.

In ya shiga ido

Ido dokarsa daban. Ba mai, ba sabulu, ba sifirit. Ruwa mai tsabta kawai, da yawa, na tsawon minti goma sha biyar zuwa ashirin. Kar ki murza, duk yadda hannunki ke son zuwa wurin. Kuma kar ki yi amfani da hannun da ya jawo matsalar wajen ɗiban ruwan. Ki sa wani ya tsiyaya miki da buta ko kofi mai tsabta. Ki karkata kai yadda idon da ya kamu zai kasance a ƙasa, don kar ruwan ya gangara cikin ɗayan, ki riƙa ƙiftawa ruwan na wucewa. Mai sa gilashin ido na mannawa ta cire shi da hannu mai tsabta, ta jefar. Hawayen da ke zuba alheri ne, wanki yake yi.

Yaro ƙarami sai an riƙe shi. Ki kwantar da shi a cinya, a naɗe masa hannuwa da zani don kar ya ƙara murzawa, a zuba ruwan a hankali daga gefen hanci zuwa waje. Zai yi kuka, a bar shi ya yi. Na san al'adar ɗiga nonon uwa a ido tana da ƙarfi a wurinmu, amma ɗigo biyu ba za su yi aikin da buta guda ta ruwa za ta yi ba.

In leɓe ne ko gefen hanci ko kumatu, a shafa ɗan mai da auduga a goge, sannan a ɗora kindirmo mai sanyi, ana kiyaye ido. In gaba ne, wato an yi tsarki da hannun, a wanke da ruwan sanyi mai yawa, a ɗora tsumma mai sanyi daga waje, kar a cusa komai ciki.

A nemi asibiti in an wanke ido amma bayan awa ɗaya ko biyu ciwon bai ragu ba, ko gani ya dushe, ko idon ya ƙi buɗuwa. Haka in fata ta yi ƙuraje masu ruwa ko ta kumbura sosai, ko raɗaɗin hannu ya wuce kwana biyu bai sassauta ba. In kuwa leɓe ko fuska suka kumbura, ko numfashi ya fara wahala, musamman ga mai asma da ya shaƙi hayaƙin suyar attarugu ko ƙurar dakan barkono, wannan ba a jira, a tafi nan take.

Gobe in za a sake

Safar hannu ita ce mafita mafi sauƙi. Irin ta naitiril, wadda yawanci shuɗiya ce, ta fi farar nan mai laushi ta lateks, domin kafsaisin yana iya ratsa lateks in aikin ya daɗe. In babu, farar leda mai tsabta a zura hannu a ɗaure a wuyan hannu ta fi babu, ko da yake tana fashewa, sai ana dubawa. Wajen cirewa a juyo cikinta waje, a jefar. Kar a adana don gobe.

Na san da yawanmu ba za mu sa safa don attarugu biyar na miyar dare ba, ni ma ba na sawa. Abin da nake yi shi ne in shafa ɗan man gyaɗa a yatsu kafin in fara, in riƙe attarugun ta hancinsa in yanka, in cire cikin da bakin ƙaramin cokali maimakon farce, in kuma wanke hannu da sabulun kwanuka nan take tun kafin in ji komai. In ana goga shi a abin goga kubewa, a bar guntun ƙarshe, a jefa shi turmi, kar a bi shi har yatsa ya goge. In aikin mai yawa ne, ki yi alwalarki, ki shayar da jaririnki, ki shiga bayi, duk kafin ki zauna. Da hunturu kuma, in hannun ya tsattsage, ki roƙi wata ta karɓe ki, ke ki ɗauki yankan albasa.

Masu dakan busasshen barkono, na yajin jego ko na tsire, matsalarsu ƙura ce. A daka a waje, a ba iska baya, a ɗaure hanci da baki da ɗankwali, a kori yara daga wurin. Ɗigon mai a turmin yana kwantar da ƙurar. Wajen tankaɗe a sa cokali, kar a murza garin a rariya da tafin hannu.

Sai kayan aikin. Wuƙa, katakon yanka, turmi da taɓarya, murfin bilenda, kan famfo, hannun buta, har wayar da kika amsa kina tsakar aiki, duk sun ɗauka. Katako da turmi sun fi riƙewa, don itace yana shan mai. A goge su da ɗan mai, a wanke da sabulu sau biyu, a shanya a rana. In da hali a ware katako ɗaya na kayan miya kawai, don kar gobe a yanka wa yara kankana a kai.